Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne finafinan su Superman wa'azin coci ne a ɓoye?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, a Kaduna nake zaune. Ɗana na fari shekararsa 13, ba shi da fitina, yana zuwa Islamiyya, sallah ba sai an kore shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, finafinan su Superman da Spider-Man, yana kallo a wayar babansa. Makon jiya muna cin abincin dare ya ce da ni, "Umma, ashe Superman ma ya mutu ya tashi, abokina ya ce kamar Yesu." Abokin nan ɗan maƙwabtanmu ne, Kiristoci ne, tare suka taso. Gabana ya faɗi. Da na faɗa a gurup ɗinmu na mata sai aka turo mini bidiyon wani mai bayani. Ya ce alamar S da ke ƙirjin Superman maciji ne, wato Shaiɗan, kuma ana cusa hotunan gicciye a ɓoye waɗanda ido ba ya gani amma ƙwaƙwalwa tana ɗauka, aikin 'yan Illuminati ne don share wa Dujal hanya, yaron da ya saba kallo zai yi ridda bai sani ba. Wata kuma ta ba ni lambar mai ruƙya, na kira, ya ce in kawo yaron da naira 40,000. Babansa ya zane shi ya ƙwace wayar, ni kuma na hana shi shiga gidan maƙwabtan. Wallahi Malam ba na iya barci. Da gaske ne an sa addinin Kirista a finafinan nan? Shin ɗana ya riga ya kamu?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Kafin komai, ki mayar da 40,000 ɗinki cikin jaka ki ɗaure bakinta.

Yaronki bai yi ƙarya ba, abokinsa ma bai yi ƙarya ba. Akwai alamomin addinin Kirista a finafinan nan, da gangan aka sa su, kuma waɗanda suka sa su ba su taɓa musu ba. Wannan rabin maganar mai bidiyon gaskiya ne. Ɗaya rabin, na maciji da hotunan da ido ba ya gani da riddar da ake yi cikin barci, shi ne zan daɗe a kansa, don shi ne ciwon da nake karo da shi kusan kullum a matsayina na malamin fim, a aji da wajen aji.

Amma bari mu fara da abin da ke kan allon. Superman ba daga coci ya fito ba. Wasu samari biyu ne, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani mazauna Cleveland a Amurka, suka ƙirƙire shi, ya fara fitowa a mujallar zane a 1938. Dubi ƙashin labarin: halaka ta tunkaro, iyaye suka sa jaririnsu cikin wani abu kamar akwati suka sake shi, wasu mutane dabam suka tsince shi suka raine shi, ya girma ya zama mai ceto. Ko ɗan aji uku na Islamiyya ya san wanda wannan ke tuna masa. Annabi Musa ne, alaihis salam, wanda Attaura da Alƙur'ani duk suka ba da labarin akwatinsa. Sunan Superman na can duniyarsu Kal-El, kuma El a Ibrananci na nufin Allah, shi ne wannan "il" da kike ji a ƙarshen Jibrilu da Mika'ilu da Isma'ilu. Stan Lee da Jack Kirby, waɗanda hannunsu ke cikin yawancin jaruman kamfanin Marvel, su ma Yahudawa ne. Har jaridar dakarun SS ta Hitler sai da ta zagi Siegel a 1940 saboda Yahudancinsa.

Karkatar da labarin daga Musa zuwa Yesu aikin silima ne. A fim ɗin 1978 na Richard Donner, uban da Marlon Brando ya fito a matsayinsa yana magana daga sama, yana cewa mutanen duniya suna da kirki a zuciya, haske ne kawai suka rasa, shi ya sa ya aiko musu ɗansa tilo. Duk Kiristan da ke zaune a silima ranar ya ji amon ayar nan ta Linjilar Yahaya 3:16 da ke maganar aiko makaɗaicin Ɗa. Tom Mankiewicz, wanda ya gyara rubutun fim ɗin, ya faɗa da bakinsa cewa da saninsa ya yi. A na 2006 an soki jarumin a kwiɓi da koren dutsen nan da ke karya lagonsa, ya faɗo daga sama hannuwa a shimfiɗe, aka kwantar da shi asibiti, daga baya aka leƙo aka tarar gado babu kowa. Sukan mashi a kwiɓi da kabarin da aka tarar wayam, duka daga Linjila aka ɗauko.

Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne darakta Zack Snyder. A Man of Steel na 2013 an faɗi shekarun jarumin, 33, adadin da al'adar Kiristoci ke cewa Yesu ya yi a duniya. Da zai miƙa kansa don a bar mutane su tsira, sai ya shiga coci neman shawarar fada, wato limamin coci, kyamara kuma ta tsaya daidai yadda za ki ga fuskarsa a gaba, bayansa tagar gilashi mai hoton Yesu yana addu'a a lambun Getsamani. Makaho ma sai ya shafa ya ji. A Batman v Superman, wanda na tabbata shi ɗanki ya kalla, ya mutu wajen kashe dodon, aka sauko da gawarsa a hankali ana miƙa wa matan da ke ƙasa, tsarin da masu zanen Turai suka shekara ɗaruruwa suna zana saukar da Yesu daga gicciye. An saki fim ɗin a Amurka ranar 25 ga Maris 2016, wato Juma'ar da ke kafin bikin Ista, ranar da Kiristoci ke tuna gicciye Yesu. A fim ɗin da ya biyo baya a 2017 ya tashi.

Sauran ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Spider-Man na 2004 ya tare jirgin ƙasa hannuwa a buɗe har ya suma, fasinjoji suka ɗauke shi bisa kawunansu. A na 2007 cikin hasumiyar coci, da ƙarar ƙararrawa, ya yage baƙar rigar da ta lalata masa hali. Mugun mutum-mutumin nan Ultron, a 2015, ya ari maganar da Linjilar Matiyu ta ce Yesu ya yi wa Bitrus, ta gina ikkilisiya a kan dutse. Sai dai a bambanta: wani lokacin ba alama ba ce, jarumin ne kawai yake da addini. Daredevil ɗan Katolika ne mai zuwa furta zunubi wajen fada. Nightcrawler na X-Men, mai shuɗin jiki da jela, carbin Katolika yake ja. Kamar yadda Kamala Khan ta shirin Ms. Marvel na 2022 Musulma ce mai zuwa masallaci.

To me ya sa suke yi? Yawanci gajeriyar hanya ce. Daraktan Kannywood in yana son ki gane mutum na Allah ne cikin daƙiƙa ɗaya, sai ya ɗora masa rawani ya ba shi carbi ya zaunar da shi kan buzu, ba sai ya yi bayani ba. Daraktan Amurka in yana son mai kallo ya ji cewa mutuwar nan sadaukarwa ce, ba faɗuwar ɗan dambe ba, sai ya shimfiɗa wa jarumin hannuwa. Al'ummar da ta shekara ɗaruruwa tana ganin hoton nan a bango da wuya da maƙabarta ba ta buƙatar fassara. Da abin da ke tukunyarsu suke miya.

Sannan akwai kuɗi, kuma a Hollywood in kin ga abu ya yawaita, bi sawun kuɗi. A 2004 fim ɗin Mel Gibson kan gicciye Yesu, wanda aka kashe wa kusan dala miliyan 30, ya tara sama da miliyan 600. Kamfanoni suka farga cewa masu zuwa coci kasuwa ce guda. Da za a saki Man of Steel, kamfanin Warner ya gayyaci fastoci kallo kyauta, ya sa wani malamin tauhidin Kirista, Craig Detweiler, ya rubuta musu takardar huɗuba da za su iya karantawa ranar Lahadi, har da guntayen fim ɗin da za a haska a coci. Kafafen labarai na Amurka sun ba da labarin a lokacin. Ki lura da inda kibiyar ta nufa. Kamfani ne ya shiga coci tallar tikiti. Ba su san da zaman Tudun Wada ko Rigasa ba, kujerun silimar Texas suke son cikawa.

Yanzu mu zo kan mai bidiyo.

Abin da ya fi ba ni haushi da mutanen nan shi ne yadda suke ɗaukar abin da aka buga a jarida su sayar miki a matsayin asirin da suka tono. Mutum ya faɗa a hira cewa ni na sa, kamfani ya raba takardar huɗuba, darakta ya dasa tagar coci a bayan jarumi yadda kowa zai gani, sannan wani ya zo da jan da'ira da kiɗan ban tsoro yana cewa ya gano abin da suke ɓoyewa. Wane ɓoyo? Wanda ya hau kan rufin kasuwa yana shela ba a ce masa mai raɗa.

Maganar hotunan da ido ba ya gani tana da tarihi, kuma tarihin na damfara ne. A 1957 wani ɗan talla, James Vicary, ya yi iƙirarin cewa a wata silima a New Jersey ya riƙa walƙa rubutu a allo da saurin da ido ba zai kama ba, yana cewa a sha Coca-Cola a ci gugguru, ciniki kuma ya tashi. Amurka ta rikice. Da aka ce ya maimaita a gaban masana sai abin ya gagara, a 1962 ya amsa cewa shirya maganar ya yi don ya ceto kamfaninsa da ke durƙushewa. Masana halayyar ɗan'adam sun ci gaba da gwaji, iyakar abin da ake samu ɗan tasiri ne ƙanƙani da ke gushewa nan take, irin wanda zai sa mai ƙishirwa ya zaɓi wannan lemo ya bar wancan. Daga nan zuwa yaro ya bar addininsa, tafiyar ta fi ta Kano zuwa Makka a ƙafa. Mai ƙaryar ya janye ta sama da shekara 60 da suka wuce, mu kuma yanzu muke tura wa juna da "don Allah a yaɗa".

Illuminati kuwa ƙungiya ce da ta taɓa wanzuwa. Wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara 10. Tun daga nan sunan ya zama buhun da kowa ke zuba tsoronsa a ciki. Kuma ga abin dariya, in abin dariya ne: bidiyoyin Hausa irin wanda aka turo miki, waɗanda na zauna na bi asalinsu, mafi yawansu daga tashoshin wasu masu wa'azin Kirista na Amurka aka kwaso su, waɗanda ke gargaɗin mabiyansu cewa finafinan nan na Shaiɗan ne, za su raba yara da Yesu. Namu sai ya sauke, ya cire muryar Turanci, inda aka ce magabcin Almasihu ya sa Dujal, ya ɗora sallama a farko. Wato fim guda, can ana cewa zai fitar da yaro daga Kiristanci, nan ana cewa zai shigar da shi. Hotuna ɗaya, jan da'ira ɗaya.

Ki kuma tambayi mai bidiyon ya tsaya wuri guda. A minti na 3 Yahudawa ne, a minti na 8 'yan mishan ne, a minti na 15 masu bautar Shaiɗan ne. Yahudawa ba su yarda Yesu ne Almasihu ba, wannan shi ne tushen rabuwarsu da Kiristoci, to don me za su kashe dukiyarsu suna yaɗa gicciye? Mai bautar Shaiɗan kuma me zai ci da tallar Linjila? In maƙarƙashiya ce guda mai shugaba guda, me ya sa a fim ɗin Superman na 2025 aka juya labarin, aka nuna iyayen nan na sama ashe cewa suka yi ɗansu ya je ya mallaki mutanen duniya, shi kuma ya zaɓi tarbiyyar manoman da suka raine shi? Wannan ai rushe hoton 1978 ne gaba ɗaya. Marubuta ne mabambanta, kowa da abin da ke kansa, kowa da abin da yake ganin zai sayu a shekararsa.

Harafin S fa? A 1938 harafin farko ne na sunan jarumin, shi ke nan. A 1978 aka mai da shi tambarin gidansu, Brando ma ya sa shi a ƙirji. A 2013 suka ce a duniyarsu alamar fata nagari ce. In lanƙwasa ce ke mai da harafi maciji, to a soke S daga Sakkwato da Sani da Safiya. Haka gicciye: duk wanda ya ƙudura sai ya gan shi zai gan shi a turken wutar lantarki da firam ɗin taga da alamar tarawa a littafin lissafi. Shi ya sa a nazarin fim ba ma karɓar hoto ɗaya da aka daskarar. Sai mun ga labarin ya goyi baya, ko mai aikin ya faɗa, ko abin ya maimaitu yadda ba zai zama haɗari ba. Tagar Getsamani ta ci wannan jarrabawa. Jarumin da ya buɗe hannu don yana faɗowa daga bene bai ci ba, kowa ya faɗo haka zai yi.

Ga hujjar da ta fi kusa da mu. Tun zamanin silimun Plaza da Marhaba da El Dorado a Kano, Hausawa ke kallon finafinan Indiya. Shekara sama da 50 muna ganin jaruma ta shiga ɗakin bauta ta kaɗa ƙararrawa, ta durƙusa gaban gunki tana kuka, an zagaya wuta sau 7 an ɗaura aure, an ƙona gawa an zuba toka a kogi. Ba a ɓoye ba, a fili, da waƙa da rawa, har muna haddace waƙoƙin. Iyayenmu sun kalla, mun kalla, yau ana fassara su da Hausa ana sayarwa a kowane lungu. Hajiya, Bahaushe nawa kika sani da ya koma addinin Hindu? In gunki a fili bai yi ba cikin shekara 50, ta yaya gicciyen da aka ce ido ma ba ya gani zai yi cikin sa'a biyu? Turawa da kansu suna kallon Thor, abin bautar mutanen arewacin Turai na da, wanda daga sunansa aka samo sunan ranar Alhamis a Turanci, ba su koma bautarsa ba.

Jita-jita a kan silima ba yau ta fara ba a ƙasar nan. Lokacin da silimar El Duniya ta ƙone a Kano a 1951, mutum sama da 300 suka rasu, kafin toka ta huce magana ta zagaye gari cewa wai an nuna hoton Annabi ne a fim ɗin, sallallahu alaihi wa sallam, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata. Bambancin kawai, wancan lokacin da ƙafa jita-jita ke yawo, yau tana da data.

Me ya sa nake kiran wannan fahimta mai haɗari, ba wauta kawai ba? Dubi abin da ta riga ta yi a gidanki cikin mako guda. Yaro ya zo wa uwarsa da magana a kan tabarmar cin abinci, abin da iyaye da yawa ke roƙon Allah ya ba su, sakamakonsa bulala. Darasin da ya ɗauka ba na tauhidi ba ne. Ya koyi cewa in ya ji wani abu game da addini da bai gane ba, ya yi shiru. Gobe in ya ci karo da shubuha ta gaske, a intanet ko a jami'a, ba ke zai kawo wa ba. Sannan an raba shi da abokin da suka taso tare, an nuna masa cewa yaron nan ɗan 13 wakilin wata maƙarƙashiya ne. Ke da kike Kaduna ba sai na ba ki labarin rikicin 2000 da na 2002 ba, kin san yadda garin ya rabu, kogi ya zama iyaka. Maƙwabtakar da ta tsira daga wannan ba abin da za a yar saboda bidiyon minti 20 ba ce. Yaron maƙwabta bai yi wa ɗanki wa'azi ba. Ya ga abu ya yi kama da labarin da ake ba shi a coci ya faɗa, kamar yadda naki zai ce "kamar Annabi Musa" in ya ga jariri a akwati.

Sai mai ruƙya. Ruƙya ta shari'a sananniya ce, ayoyi ne da addu'o'in da ke iya karanta wa ɗanki da bakinki ba ko sisi. Amma wanda ya yanke farashi ta waya bai ga yaro ba, bai tambayi ko yana da wata alamar ciwo ba, wannan ɗan kasuwa ne. Wani ɗalibina ya taɓa ba ni labarin ƙanensa da aka kai wa irin waɗannan a kan kallon fim. Aka ɗura masa jiƙo ya kwana yana amai, aka ce aljanin fim ne ke fita, aka tsare shi ana tambayar aljanin sunansa har yaron ya ƙirƙiro suna don a ƙyale shi. Ƙarshenta sai asibiti aka kai shi ƙarin ruwa. Lafiyayyen yaro aka kai, majinyaci aka dawo da shi, kuma an biya. Mai bidiyo na cin kuɗin yawan masu kallo, mai jiƙo na cin kuɗin waɗanda bidiyon ya firgita. Ko sun san juna ko ba su sani ba, hannu ɗaya ke wanke ɗaya.

Kuma mu ji tsoron Allah a kan tura abin da ba mu tantance ba. Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ba a ce banda labarin da ya zo ta WhatsApp ba, ba a ce banda wanda aka buɗe da basmala ba. Imani kuma ba mura ba ne da ake ɗauka a iska. Malaman aƙida sun yi bayanin abin da ke fitar da mutum daga Musulunci, babu wanda ya ce ana fita ba da sani ba saboda walƙiyar hoto. Wanda ya ce miki imanin ɗanki zai zube don ya ga mutum ya shimfiɗa hannu, ya raina imanin, ya raina tarbiyyar da kika shekara 13 kina yi.

Ban ce finafinan nan ruwan zamzam ba ne. Hukuncin kallo na malaman fiƙihu ne, ni malamin fim ne, amma a fagena akwai abin da ya fi gicciye damuna. Mai ceto a finafinan nan da naushi yake ceto. A ƙarshen Man of Steel, bayan duk tagar coci da shekara 33, jarumin karya wuyan abokin gabarsa ya yi, bayan sun ragargaza rabin birni. Fastoci da marubuta Kiristoci da dama sun yi tir da kwatancen saboda wannan, suka ce Yesun da suka sani cewa ya yi a mayar da takobi kube, ba su ga alaƙarsa da mai karya wuya ba. Wato Kiristan kirki ma bai ɗauki Superman a matsayin wa'azinsa ba, yana ganin an ari rigar addininsa an yi talla da ita. Abin da yaro ke sha a hankali shi ne cewa matsala tana ƙarewa ne ranar da wani mai ƙarfi ya sauko ya doke mugu, sauran jama'a aikinsu kallon sama da tafi. Ba baƙon tunani ba ne a wajenmu, mu ma muna da baƙon da ya zo daga nesa ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura. Amma ƙasar da kowa ke jiran mai ceto duk shekara huɗu ba ta buƙatar a ƙara mata wannan.

Sai kuma shekaru. Yawancin finafinan nan an yi musu alamar 'yan 13 zuwa sama, wasu kamar Logan da Deadpool na manya ne zalla, akwai zubar da jini da batsa. Wanda ake turawa a waya daga shagon caji ba ya zuwa da wata alama, masu fassara kuma wani lokacin suna ƙara nasu gishirin da ya fi na asali yaji. A nan ya kamata idonki ya kasance, da kuma ƙarfe nawa yake ajiye wayar ya kwanta.

Maganar da ya kawo miki kuwa, dama ce ta faɗo miki. Ki zaunar da shi ki ce, abokinka ya faɗi abin da su suka yi imani da shi, cewa an gicciye Yesu ya mutu ya tashi a rana ta uku, masu fim kuma daga nan suka ara. Mu fa, me Alƙur'ani ya ce game da Annabi Isa? Ki bar shi ya nemo aya ta 157 a Suratun Nisa'i da kansa, ya karanta miki, ya kai wa malaminsu na Islamiyya in yana da ƙarin tambaya. Yaron da ya san inda addinai biyu suka haɗu da inda suka rabu, ya kuma iya faɗa ba tare da zagi ba, ya fi wanda aka toshe wa ido tsayuwa da ƙafarsa. Ki kalli ɗaya daga finafinan tare da shi, ki ce ya nuna miki wurin da aka aro daga Linjila, za ki sha mamakin abin da zai gano.

Ki goge lambar mai jiƙon. Ki zuba abinci a kwano ki ba yaron ya kai gidan maƙwabta da kansa, ba sai an yi wani dogon bayani ba. Wayar kuma a mayar masa da sharaɗin lokaci. In babansa ya ƙi, ki ba shi wannan amsa ya karanta, sannan cikin ladabi ki tambaye shi finafinan Indiya nawa ya kalla lokacin da yake ɗan shekara 13.